Shagon turin waƙa na wajen Ƙofar Ƙaura, wanda ke da kiɗan da ba ko'ina ake samu ba

Masu yawan tambayata inda nake samo kaɗe-kaɗen nan da suke ji a motata, toh ga amsa, wani ɗan shagon turin waƙa ne a Katsina, wajen Ƙofar Ƙaura cikin jerin masu caji da gyaran waya, ba shi da allo balle suna, in ba nuna maka aka yi ba wlh wuce shi za ka yi. Yaron da ke ciki yana tura duk abinda sauran 'yan dawunlodin ke turawa, waƙoƙin Kannywood, fassarar Indiya, wa'azi, ƙira'a, don da su ake cin abinci, amma akwai wata folda daban a laftop ɗinshi da sai ka tambaya yake buɗe ta, cike take da fonk da sol, wato salon kiɗan baƙaƙen Amurka, da kiɗan na'ura irin wanda ba za ka taɓa ji a gidan biki ko rediyo ba, tsofaffi da sababbin fitowa duka.

Abinda ya fi burge ni da shi kunne ne. Ba ya cika ka da surutu, zai jona ƙaramar sifika ya sa maka waƙa kamar rabin minti yana kallon ƙafarka, in ba ta motsa ba sai ya ce "yaya wannan ba taka ba ce" ya wuce ta gaba, in kuwa ya ga ka fara gyaɗa kai shikenan ya gano layinka, sai ya jero maka irinta har guda goma. Kuma ya san tarihin kayanshi, ba wai kwafa kawai yake ba.

Foldar Nijar ita ce tafi ƙarfi a wajena. Akwai Mamman Sani, mutumin Yamai da ya ɗauki kiɗanshi a 1978 da ogan ƙirar Italiya mai suna Orla, kiɗa ne zalla mai sanyi ba hayaniya, shekara da shekaru gidan rediyo da talabijin na Nijar suna sa shi tsakanin shirye-shirye, sai a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Portland a Amurka ya sake fitar da shi duniya ta sani. Akwai Hama shima ɗan Yamai, kundinshi Houmeissa na 2019, ya ɗauko karin kiɗan Buzaye ya zuba a fiyano da kwamfuta, in ka sa shi da daddare kana tuƙi hanyar Jibiya sai ka ji kamar don hanyar aka yi shi. Ga kuma Etran de L'Aïr na Agadas da suka fitar da 100% Sahara Guitar a 2024, su dai jita ce irin ta biki ba na'ura ba amma ya haɗa su nan kuma ban ga laifinshi ba.

Ni abinda ke ɗaure mani kai, Maraɗi ga ta nan bayan Jibiya, amma kiɗan maƙwabtanmu sai ya je Amurka an buga shi a faifai sannan ya dawo mana ta intanet. Mdou Moctar ɗan Nijar da yanzu yake zaga duniya da jita, a Sakkwato fa ya ɗauki kundinshi na farko a 2008, da otocun, wato gyaran murya da kwamfuta, irin na waƙoƙin fina-finanmu, waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya ta bulutut da memori har mai Sahel Sounds ɗin, Christopher Kirkley, ya tsinto ɗaya ya sa a Music from Saharan Cellphones a 2011. Wato sana'ar turin nan da ake rainawa ita ta fara fitar da shi.

Ɓangaren fonk na gida kuwa akwai William Onyeabor na Inugu wanda kamfanin Luaka Bop suka tattara waƙoƙinshi a 2013 kafin rasuwarshi a 2017, da tarin disko na Legas na shekarun 1980 da kamfanin Soundway suka fitar a 2016 da sunan Doing It in Lagos, bes ɗin ciki kaɗai ya isa ka biya kuɗin turi. Sababbin sol yawanci na kamfanin Daptone ne da ke Brooklyn, irinsu Jalen Ngonda da kundinshi na 2023, yaro ne amma in ka ji muryar sai ka rantse faifan garmaho ne na zamanin iyayenmu. Akwai kiɗan singeli na Tanzaniya daga kamfanin Nyege Nyege Tapes na Kampala, wannan kam gudu ya mashi yawa, na gwada kaina ya ɗau zafi na ce ya cire, shi kuma yana ta dariya wai yaran makaranta shi suke nema.

Toh sai matsalolin, don akwai su. Ingancin fayil ba ɗaya ba ne, wasu tsaf suke wasu kuma da jin su ka san daga bidiyo aka tatso, a iyafis ba za ka gane ba amma kana jonawa a mota sai bes ya fashe, kuge yana tsiii. Sunaye ma a hargitse, ka buɗe folda ka tarar da Track 01 har sau biyar, ba sunan mawaƙi ba shekara, shi ya san su a kai amma kai in ka koma gida ka shiga uku. Na mashi magana ya ce "yaya in na tsaya gyara suna wa zai sallami masu Indiya", kuma gaskiyarshi ta wani ɓangaren. Sannan filash ɗina ya kwaso bairos a wajen, fayilolin aiki duk suka ɓuya sai da aka mani fomatin. Wajen zama benci ɗaya ne, in nepa suka ɗauke batirin laftop ɗin baya wani jimawa.

Wanda yafi damuna shine mawaƙan ko sisi ba ya isa gare su, kuma waɗannan ba manyan taurari ba ne masu kuɗin tallace-tallace, cinikin kundin ne abincinsu. Yawancin kayan nan suna Bandcamp, shafin sayar da waƙa a intanet, inda shafin ke cire kashi 15 cikin 100 na cinikin fayil, mafi yawan sauran ya tafi wajen mai waƙa ko kamfaninshi, tun Maris 2020 ma suka fara ware wasu ranakun Juma'a da suke yafe kasonsu gaba ɗaya. Da dala ake saye, na sani, ba kowa zai iya ba a wannan marrar, amma wanda Allah ya hore ma in ya ji kundin da ya kwanta mashi a shagon ya daure ya saya ko guda, zai ma samu fayil mai kyau da sunaye a jere.

Kuɗin turi bisa yawan giga yake yi kuma ba tsada, ana ma yin ciniki. Ka je da memori sabo wanda ba komai a ciki, kar ka kai filash ɗin aikinka, ka ce ya gwada maka a babbar sifikar maƙwabcinshi kafin ka biya. Da hantsi yafi, bayan la'asar 'yan fassara sun cika wajen ba zai samu sukunin buɗe maka foldar ba.