Bindigar kashe cajin faifai: ta yi aiki, amma kuɗinta ya yi yawa

Da rabin zuciya na sayi wannan 'yar bindigar roba, wadda ake kashe cajin lantarkin da ke taruwa a jikin faifan garmaho da ita. Mai sayarwa ya cika ni da zance, wai da na harba ta kan faifai sautin ganga zai ƙara kauri, muryar mawaƙi ta fito sabuwa fil. Wannan kam ƙarya ce, gara in faɗa tun da wuri.

Duk mai garmaho a Kano ya san abin da hunturu ke yi wa faifai. Iska ta bushe ƙamas, kana zaro shi daga jakarsa ta takarda ka ji gashin hannunka ya miƙe. Robar faifai ba ta barin cajin lantarki ya wuce, riƙe shi take yi, shi kuma cajin ya yi ta janyo ƙura. Nawa har ya kai idan na ɗaga faifai, shimfiɗar ulun da ke ƙarƙashinsa ta biyo shi a manne.

Akwai wani tsohon faifai da mahaifinmu ya bari, wanda duk gidan muka yanke ƙauna da shi. Allura na sauka, sai tas! tas! ta lasifika, har kiɗan ya koma bayan fage. A kansa na fara gwadawa. Na riƙe bindigar nesa da shi kamar santimita 30, na matsa kunama a hankali, na sake ta a hankali. Ba batir ba waya: wani ɗan dutse ne a ciki da ke haifar da caji idan an matse shi, matsawa ta fitar da iri ɗaya, sakewa ta fitar da kishiyarsa, su kashe wanda ke jikin faifan. Na bi da burushi, na ɗora allura. Wallahi shiru! Tsakanin waƙa da waƙa, inda a da nake jin kamar ana soya gyaɗa, babu komai sai ɗan shuuu na tsufa. Yayata ta leƙo daga tsakar gida tana tambaya ko sabo na samo. Ba sautin ne ya canza ba, hayaniyar da ta rufe shi ce ta kau, sai ƙananan kayan kiɗa na baya suka fito fili.

To amma fa. Da ka yi saurin matsa kunamar sai ta yi ƙas, ke nan aikin ya ɓaci, sai ka sake. Yatsana ya gaji. Kana gama gefe guda, ka juya faifai, cajin ya dawo, domin gogar allura kanta tana tara shi. Kuma ba ta cire daɗaɗɗen datti a cikin layukan faifai, balle ƙarzuwa. Sauran faya-fayen da suka karce suna nan da ƙararsu yadda na san su.

Abin da ya fi ƙona min rai, daga baya na sauya jakunkunan takarda da masu santsi a ciki, na cire shimfiɗar ulu na sa ta roba, sai rabin matsalar ta tafi da kuɗin da bai kai rubu'in na bindigar ba. Mai sayarwa bai ko ambata min su ba. Da damina ta sauka kuma, iska ta yi laima, tana cikin aljihun tebur ban ko taɓa ta ba. Kayan wata uku a shekara a wannan farashi, ni dai ba zan ce kowa ya saya ba, sai wanda ya riga ya sauya jaka da shimfiɗa amma tas-tas ɗin ya ƙi barinsa.