Fijo 504 fikof: Magazin ta Kumasi ko Abossey Okai ta Ankara?

Ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba. Ka ce fikof ɗinsa 504 ta daɗe a ajiye a Aboabo, nan Kumasi, kana so ka tayar da ita, kuma kana tambaya ka sauka Ankara (Accra, babban birnin Ghana) ka kwaso kaya a kasuwar kayan gyaran mota ta Abossey Okai ne ko ka tsaya nan Magazin, unguwar masu gyaran mota ta Suame. Ni dai a ganina wuraren biyu ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma motar da ta kai shekarun wannan ta fi buƙatar Magazin, sai dai akwai abubuwan da ban yarda ka saya a can ba.

Abossey Okai kasuwa ce ta saye da sayarwa, shago jikin shago kusa da Kaneshie, kaya suna fitowa daga kwantena a tashar jirgin ruwa ta Tema su faɗo can kai tsaye. To amma ɗan kasuwa abin da ke tafiya yake kawowa, yau kuwa abin da ke tafiya Corolla ne da Hyundai da Kia da su Sprinter. Ka shiga ka ce 504, yaron shago zai ce maka “zauna Alhaji ina zuwa”, ya ɓace cikin layi ya dawo da wani abu mai kama da naka, ya ɗora nasa a kai. Ba cuta ba ce a wajensu, haka kasuwar take, amma ka sani kuɗin dillali na cikin farashin. Inda suka yi fice shi ne sababbin ƙananan kaya: filogi, kwantak, kwel, bel, boris, fatar birki, robobin masta silinda, gasket, tiyon lagireto. Irin waɗannan kada ka kuskura ka sa hom-yus, wato na hannu da aka shigo da su daga waje, roba in ta tsufa ta tsufa ko da daga Faransa aka ciro ta, birki kuma ba wajen neman sauƙi ba ne.

Magazin ta Suame kuwa gari ne na masu aikin hannu. Masu kayan gyara suna nan, amma ƙarfinta fitoci ne da masu walda da masu buga bodi da masu injin sassaƙa ƙarfe da masu zuba narkakken ƙarfe, kuma har yanzu akwai tsofaffin mastoci da suka koyi aiki a kan Fijo lokacin da 404 da 504 ne ke jigilar hanyar Tamale da Bolga. Irin mutanen nan ne za ka kai wa kafireta Solex da ta bushe, dattijo ya kwance ta a kan kwali, ya jera jet-jet ɗin a murfin gwangwani, ya hura kowanne ya ɗaga shi sama ya leƙa ramin, ya gaya maka wanda wani ya taɓa buɗawa da waya. Wannan ba ka samunsa a shago. Abin da babu shi a kasuwa kuma su ƙera maka, bushin, ƙafar injin, ƙasan bodi da tsatsa ta cinye, murfin baya na akwatin kaya, har ganyen sufirin in ɗaya ya karye sai a nemo mai faɗinsa a yanka a lanƙwasa.

Abin da zai taimake ka sosai shi ne ka san me motarka ta haɗa da sauran. Daga ƙofar gaba zuwa hanci kusan duk ɗaya suke da 504 salun da wagon, don haka bonet, fitilu, ƙofofin gaba, ana cirowa daga gawar salun. Baya ne ya bambanta, fikof sufirin ganye gare ta da birkin ganga, kada wani ya lallaɓe ka da aksul ɗin salun ya ce za a yi dabara. Injin fetur ɗin kuma, mai lita 1.8 ko 2.0, ya ci gaba a cikin 505, saboda haka in ka ga gawar 505 kada ka wuce. Wani daɗin injin nan shi ne silindansa hannun riga ne da ake zarewa, ba sai an kai bulok borin ba, ka sayi saitin laina da fistin da ringi a zura. Kan injin dai alminiyom ne, in motar ta taɓa tafasa a sa ruula a duba ko ya lauye kafin a ɓata sabon gasket. In kuma dizal ce, Indenor mai lita 2.3, to fara kai famfon injekta gwaji tun ba ka kashe ko sidi ɗaya a fenti ba.

Gawar mota ma Kumasi ta fi, a bayan garejoji da garuruwan kan hanyar arewa. A Ankara ba Abossey Okai za ka nemi wannan ba, sai dai Kokompe ta Darkuman, kuma 'yan gwangwan sun riga ka cinye da yawa.

Akwai hanya ta uku da mu 'yan zango muka fi kowa sauƙinta, wato Najeriya. Faransa ta fito da 504 a 1968, amma kamfanin PAN na Kaduna ya ci gaba da haɗa ta har wajen 2006, shi ya sa kayanta suka fi yawa a can, Panteka ta Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, Ladipo a Legas. Dilko, robar gilashi, hannun ƙofa, agogon dashbod, fitilar baya ta fikof, in sun gagara a nan ka tura hoto da awo ga wanda ka yarda da shi ya sa maka a mota. Kuma sitiyarinsu na hagu ne irin namu, su sun koma tuƙin dama a 1972, mu a 1974. Wanda za ka yi hattara da shi kayan Kenya ne ko Ingila da ake tallarsu a intanet, an haɗa 504 a Kenya ma, amma sitiyarin dama ne, rak da dashbod ɗinsu ba za su hau taka ba.

Maganar mayarwa fa. A Magazin motar na kusa, a ɗaura a gani, bai yi ba yaro ya mayar a ƙafa. Ka sayo daga Ankara, tafiyar kilomita kusan 250, ka zo ka tarar ramin kusoshi bai hau ba, sai waya da roƙo, wani ma ya ce an riga an ɗaura ba ya karɓa. Don haka duk inda za ka, tsohon kayan a hannunka, ka ɗauki hoton farantin lamba da ke cikin bonet, ku yi magana a kan mayarwa kafin ka tura momo, wato kuɗi ta waya. In ta kai ga canja injin gaba ɗaya ka karɓi rasit mai lambar injin, za ka buƙace shi ranar da ka je DVLA, hukumar rajistar motoci.

Da ni ne, zan ja ta zuwa Magazin, masta ya kwance ya rubuta min duk abin da ya mutu, a fara duba shasi don in tsatsa ta ci shi sauran aikin asara ne, sannan in yi tafiya ɗaya tak zuwa Abossey Okai da takardar a hannu in kwaso kayan roba da na birki da na wuta. Turo mana hoton injin da na ƙarƙashinta ta wajen maƙalin sufirin, mu gani fetur ce ko dizal.