Assassin's Creed Odyssey: Alexios ko Kassandra?

Na sayi faifan wasan bidiyo na Assassin's Creed Odyssey na PlayStation 4, na hannu, a wani shago a Gusau, kuma na kai wata biyu ina buga shi da daddare duk ranar da aka kawo wuta. Kamfanin Ubisoft ne ya fitar da shi a 2018, labarinsa kuma ya faro ne a tsohuwar ƙasar Girka a shekara ta 431 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin Atina da Sparta.

Kafin mutum ya taka tsibirin Kefaloniya, inda tafiyar take farawa, sai ya zaɓi wanda zai zama, Alexios ko Kassandra, kuma babu damar sauyawa sai dai a sake farawa daga tushe. Wanda aka bari ma ba ya ɓacewa, domin yana dawowa a matsayin Deimos, ɗan'uwan da wata ƙungiyar asiri ta yi renonsa ta mayar da shi abokin gaba.

Alexios na ɗauka ba tare da dogon tunani ba, kamar yadda samarin unguwarmu suke yi. Wata rana ƙanwata, wadda take jami'a, ta ce, "Yaya, don Allah ba ni in gwada macen." Sai a hannunta na gane cewa karyayyen mashin Leonidas, sarkin Sparta, da mikiyar nan Ikaros, da jirgin ruwa Adrestia, da ƙarfin sara, duk iri ɗaya ne. Bambancin yana murya. Melissanthi Mahut, wadda ta ɗora wa Kassandra murya, ta iya gatse, ta kuma san inda ake sassautawa, musamman a ganawar Kassandra da mahaifiyarta bayan rabuwar shekaru, yayin da Alexios na Michael Antonakos yake yawan hargowa ko da zancen bai kai ba. Wannan hargowar kuwa ta fi dacewa da Deimos, shi ya sa na ajiye inda na kai na koma kan Kassandra, duk da tsiyar da abokaina suka yi ta yi mini.

Inda nake ganin gazawar wasan shi ne yadda mutanen cikinsa ba sa nuna sun san mace ce a gabansu. Kassandra tana shiga damben gasar Olamfik ta yi nasara, alhali a wancan zamanin ba a barin mata su fafata a filin. Da an sa wannan ya zame mata ƙalubale, da zaɓin ya fi nauyi.

Wasan na 'yan shekara 18 zuwa sama ne, akwai zubar da jini da zantukan soyayya da ba su dace da tarbiyyarmu ba, kodayake yawancinsu ana iya ƙin zaɓar su. Sabuntawarsa ta farko kuma tana cin data sosai.