Tayar sikutar wasan tsalle: abin da ya kamata ka duba kafin ka biya kuɗi

Duk wanda ya tashi sayen taya don sikutar wasan tsalle-tsalle, wato wadda ake turawa da ƙafa, abin da ke fara cika masa ido shi ne lambar da aka buga ɓaro-ɓaro a jikin kwali: ABEC 9, wani lokaci ma ABEC 11. Sai ya ɗauka gudu ne aka auna masa. A ganina wannan lamba ita ce ta ƙarshe da ta cancanci ka damu da ita. ABEC ma'auni ne na masu ƙera boris a Amurka, wato zoben ƙarfe mai ƙananan ƙwallaye da taya ke juyawa a kansa, kuma abin da yake nunawa kawai shi ne daidaiton ƙira. Matakansa 1, 3, 5, 7 da 9 ne, babu 11 a cikinsu, wannan ƙarin 'yan talla ne. Ba ya faɗin ingancin ƙarfe, ko giris, ko murfin da ke tare ƙura. Ga shi kuma bambancin matakan sai a injin da ke juyi dubbai a minti yake fitowa, alhali taya mai milimita 110 da ke gudun kilomita 20 a awa ba ta cika juyi 1,000 a minti ba.

Fara da abin da sikutarka za ta ɗauka. Tayoyin da aka fi samu su ne masu milimita 100, 110 da 120, sannan faɗinsu na yau da kullum milimita 24 ne, ko da yake akwai masu kauri da ke kai 30. Fok ɗin gaba, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba, da gurbin tayar baya kowanne na da iyaka. Ka sayi 120 alhali fok ɗinka na 110 ne, sai taya ta riƙa goga sama, ko ta ƙi shiga gaba ɗaya. Birkin baya ma haka, idan taya ta yi masa girma kullum yana shafarta. Yawancin tayoyi suna ɗaukar boris mai lamba 608, wanda kusar da ke ratsa shi milimita 8 ce, amma akwai wani tsari mai kusa milimita 12, kuma ba sa shiga wa juna. Ka auna tukuna, kada ka dogara da ido.

Idan duka za su shiga, to a nan zaɓi ya fara. Taya mai 100 tana cin kusan santimita 31 a juyi ɗaya, mai 110 kusan 35, mai 120 kusan 38. Babba ta fi riƙe gudu da zarar ta ɗauka, ta fi haye tsakuwa da tsagar siminti ba tare da ta yi turus ba, amma ta fi nauyi, tana ɗan jinkirin tashi, tana kuma ɗaga ka sama kaɗan. Mai 100 ta dace da yaro mai koyo. Mai 110 ita ce tsaka-tsaki, kuma wanda bai san inda ya dosa ba ya tsaya a kanta. Mai 120 sai wanda ke wasa a babban fili mai dogayen gangare, inda gudu ke ba da tsalle.

Inda kuɗinka ya fi aiki shi ne tsakiyar taya, wato wilin da roba ke zagaye da shi. Akwai na filastik, akwai na alminiyam. Na filastik yana da araha da rashin nauyi, ya wadatar ga mai yawo a shimfiɗaɗɗen wuri. Amma da an fara dira daga sama sai ya riƙa lanƙwashewa, gurbin boris ya buɗe, taya ta fara rawa, wata rana ka ji ƙas. Wanda ya riga ya iya ɗaga sikuta daga ƙasa ya wuce wannan aji. Na alminiyam, galibi nau'in 6061, ba ya ba da kai haka, kuma rashin lanƙwashewar tasa ita kanta gudu ce, domin ƙarfin ƙafarka ba ya salwanta a banza.

A cikin na alminiyam ma akwai iri uku. Mai sifok ya fi sauƙi a hannu, sai dai idan sifok ɗin sirara ne yana iya karyewa a dirar da aka sauko a karkace. Cikakke, wanda babu huda a jikinsa, ya fi kowanne jure duka, ya kuma fi nauyi. Mai rami a ciki, wanda ake rufe gefensa biyu a bar tsakiya fanko, yana neman haɗa biyun. Mai nauyin jiki ko mai yawan dira daga matakala, na fi so in gan shi a kan cikakke ko mai kaurin sifok. Ɗan nauyin da ya ƙaru bai kai takaicin taya ta watse ana tsakiyar wasa ba.

Sai roba. Ba irin ta tayar mota ba ce, foliyuritan ce, wadda ake rubutawa PU. Taurinta ake aunawa da lamba mai harafin A a ƙarshe, kuma na sikutar wasa sun fi yawa tsakanin 85A da 88A. Mai tauri ta fi sulɓi a siminti mai santsi kuma ta fi jinkirin cinyewa, amma ba ta kama ƙasa sosai, kuma a kwalta mai kaushi za ka ji girgizar har haƙoranka. Mai taushi tana kamawa, tana shanye girgiza, tana saurin ƙarewa. Abin da kwali ba kasafai yake faɗa ba shi ne yadda robar ke dawowa bayan ta matse. Tayoyi biyu za su iya zama 88A dukansu, ɗaya tana tafiya kamar ana tura ta, ɗaya kamar a cikin yashi. Gwajin ba wuya: ɗaga kowacce zuwa ƙugu ka sake ta a tsaye kan daɓen siminti. Wadda ta yi tsalle sosai ita ce mai rai. Wadda ta faɗi tim ta kwanta, bar wa mai ita.

Ka kuma duba inda roba ta haɗu da ƙarfe, ka danna da babban yatsa kewaye da shi. Mugun ciwon tayar sikuta shi ne roba ta saɓule daga wili, kuma yana farawa ne da ɗan siririn layi da ƙyar ake gani. Yawan dira a gefe da zafin birki suna hanzarta shi. Idan ya fara ba manne da zai riƙe.

Kashi mai yawa na ƙarkon taya a ƙafar mahayi yake. Ka taka birki har tayar baya ta tsaya cak tana ja a ƙasa, sai siminti ya fafe wuri ɗaya ya baje. Daga nan duk juyi za ka ji kaf, kaf, kaf, gudu kuma ya ragu, ko da jiya ka saye ta. Tayar baya ce ke shan wannan wuya, shi ya sa ake musanya ta da ta gaba lokaci-lokaci don su cinye tare.

Boris kuwa biyu ne a kowace taya, da ɗan bututun ƙarfe a tsakaninsu. Kada ka yarda a ba ka taya babu wannan bututu, domin idan ka ɗaure noti ba shi, boris ɗin ne za su matse, taya ta cije. Ruwa da yashi ne ke kashe su, don haka mai murfin roba da za a iya cirewa a wanke ya fi mai babbar lamba da ba ya buɗuwa. Bayan wanki ka bari ya bushe sarai, ka ɗiga masa man boris ɗigo ɗaya ko biyu. Idan ka juya sabuwar taya da hannu ka ga ba ta daɗe tana juyi ba, kada ka yi saurin mayar da ita, sau da yawa giris ne bai saki ba. Wadda za ka ƙi ita ce mai ƙarar yashi a ciki, ko mai motsi gefe da gefe idan ka girgiza ta a kan kusa.