Filtar UV mai araha: ta tare ƙura, ta jawo fatalwa

Wata uku ke nan da na ɗaura wata filtar UV, wato gilashin kariya da ake ɗaurawa a gaban kyamara, mai faɗin milimita 58 a bakin lensina, irin wadda ko sunan kamfani babu a kwalinta. Ƙurar hunturu ce ta sa na saye ta. Gara in yi ta goge gilashin banza da in karce lensin da nake cin abinci da shi. A nan kam ta fitar da ni kunya, kuma da rana ban ga ta rage wa hoto komai ba.

Da dare asirinta ya tonu. A wata liyafar biki akwai fitila mai ƙarfi can sama ta hagu. Ina buɗe hotunan a kwamfuta sai ga koren ɗigo a ƙasa ta dama, daram a kan gyalen ƙawar amarya. Duk inda fitilar ta faɗo a hoto, ɗigon yana ɗaya ɓangaren, tsakiyar hoton na tsakaninsu kamar an auna da awo. Baƙar shaddar ango kuwa ta koma toka-toka.

Lensin na fara zargi. Washegari na kunna tocila a ɗaki mai duhu, na ɗauka da filta, na kwance ta na sake ɗauka. Ɗigo ya ɓace.

Ashe gilashin da ba a yi wa shafen rage ƙyalli ba yana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na haske daga kowace fuska, ita kuma filta fuska biyu gare ta. Haske ya daki sensa, wato abin da ke ɗaukar hoto a cikin kyamara, ya dawo ta cikin lensi, ya tarar da gilashi a shimfiɗe kamar madubi, ya sake komawa ciki, shi ne ɗigon nan mai kama da fatalwar fitilar. Tun 1935 Alexander Smakula na kamfanin Zeiss a Jamus ya samo shafen da ke rage wannan, na yanzu mai hawa-hawa kuma yana saukar da shi ƙasa da kashi 1. Karkata filta a ƙarƙashin ƙwan lantarki za ka gane: a mai shafe ƙwan yakan dushe, ya yi kore ko shuɗi. A tawa fari ne tas, sai ka ce gilashin taga. Ina ma na yi hakan tun a shago.

Hular lensi, wato rumfar da ake sa wa bakinsa, ta tare hasken gefe, amma fitilar da ke cikin hoto ba ruwanta da hula.

Yanzu filtar na aljihun jaka. Ranar hazo nakan ɗaura ta, magariba na yi in kwance. Gyalen nan kuwa, ɗaya bayan ɗaya na bi hotunan ina goge ɗigon har aka kira asuba.