Jamaica Inn ko Tan Hill: a wanne za ka sauki iyali?

Ɗan'uwa, ka ce kana karatu a Leeds, iyali za su zo maka hutu, kana son kai su wani tsohon masauki na karkarar Ingila su kwana biyu, amma ka rasa na zaɓa tsakanin Jamaica Inn da Tan Hill Inn. Ni dai Tan Hill zan ce.

Duka biyun asalinsu ɗaya, kamar zangon fatake ne: wurin da matafiyi ke yada zango a tsakiyar fili fetal, ya ci, ya sha ɗumi, dabbarsa ta huta. An gina Jamaica Inn a 1750 a Bolventor, cikin tsaunukan Bodmin da ke Cornwall, domin kekunan doki masu bin hanyar Launceston zuwa Bodmin su canja dawaki. Ana cewa 'yan fasa-ƙwauri sun riƙa ɓoye barasa da ganyen shayi a can don kauce wa kwastan. Amma abin da ya fito da sunansa shi ne littafin da Daphne du Maurier ta fitar a 1936 mai sunan masaukin, wanda Alfred Hitchcock ya mayar fim a 1939. Tun daga nan wurin yake cin albarkacin labarin. Akwai ɗakin tarihin fasa-ƙwauri, da shagon tsaraba, har da daren farautar fatalwa ga masu sha'awa. Motocin 'yan yawon buɗe ido ba sa yankewa, ga babban titin A30 na gurnani a gefe. Tarihin na gaske ne, sai dai an yi masa kwalliya don kasuwa.

Tan Hill ba shi da wani shahararren littafi irin wannan da ya tallata shi. Yana saman tsaunukan Yorkshire, mita 528 sama da teku, babu wani masauki irinsa a Birtaniya da ya kai shi tsawo. Ginin na ƙarni na 17 ne, kuma masu haƙar kwal ne suka raya shi. Da aka rufe mahaƙa ta ƙarshe a 1929, ma'aikata suka watse, gidajensu suka shuɗe, ya rage shi kaɗai a tsaye, sai tumaki da iska. Manoman yankin ne suka riƙe shi, daga baya masu tattaki a kan Pennine Way, doguwar hanyar ƙafa da aka buɗe a 1965, suka zama baƙinsa. Har gobe aikinsa na asali yake yi. A Nuwamba 2021, lokacin guguwar Arwen, dusar ƙanƙara ta rufe hanya, mutane kusan 60 da suka je kallon mawaƙa suka maƙale a ciki kwana uku, wasu na barci a ƙasa da kan kujeru. Ka ga ke nan ba wasan kwaikwayo ba ne.

Ga kuma nisa. Daga Leeds, Tan Hill tafiyar awa biyu ce ko kusa da haka, Cornwall kuwa sai ka kusa ɓata yini a mota. In dai yaran teku suke marmari, to a nan Jamaica Inn ya fi, don gaɓar Cornwall ba ta da nisa daga can.

Abu ɗaya da bai kamata Hajiya ta tarar ba shiri ba: duka biyun mashaya ce a ƙasa, ɗakunan kwana a gefe ko a sama. Karin kumallon Turawa kuma da naman alade yake zuwa, don haka ka faɗa musu tun wajen kama ɗaki cewa ƙwai da wake da burodi kuke so. Ko soyayyen kifi ka tambaya, wasu da giya suke kwaɓa fulawar.

Tan Hill sai da mota, hanyar siririya ce, tumaki na kwanciya a kanta. Ku isa da rana, ku ɗauki rigunan sanyi ko da a watan Yuli ne.