Katun na zane ko mai jiki? Amsa ga 'yar'uwar da ke son yin tatsuniya kai tsaye

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce kina son ki riƙa yin tatsuniya kai tsaye a YouTube ko TikTok, a gida ba za a yarda ki nuna fuska ba, ke ma ba ki so. Kin ga masu yi da katun, kina tambaya wanne ya fi tsakanin 2D, wato na zane, da 3D, wato mai jiki, ga shi laftof ɗinki ta kwana biyu. A ganina 2D ce taki, amma ba da ita za ki fara ba. Bari in warware.

Masu wannan harka ana ce musu VTuber. Sunan ya samo asali daga Japan a ƙarshen 2016, lokacin da wata katun mai suna Kizuna AI ta fito a YouTube, kuma ita 3D ce. A 2018 ƙungiyar Nijisanji ta zo da 'yan katun na 2D da ake motsa su da kyamarar waya, abin ya yi araha, kowa ya kwaikwaya. Har yau yawancin manyansu da 2D suke hirar yau da kullum, 3D sai ranar wasan waƙa da rawa. Da 2D da 3D duk aiki ɗaya suke yi: kyamara na kallon fuskarki, manhaja na karanta motsin ido da baki da kai, katun na maimaitawa, sannan wata manhaja mai suna OBS Studio, wadda kyauta ce, ta tura hoton zuwa intanet. Masu kallo katun kawai suke gani.

Mutane na ɗauka 3D ce mai tsada saboda sunanta. Akasin haka ne ga mai farawa. Akwai VRoid Studio ta kamfanin Pixiv, kyauta, ba sai kin iya zane ba. Za ki zaɓi siffar fuska, ki ja tsawon hanci, ki mayar da fata baƙa ko wankan tarwaɗa, ki sa riga. Tsakanin la'asar da isha'i kin gama. Sai ki buɗe ta a VSeeFace, manhajar da za ta riƙa motsa ta, ita ma kyauta, da kyamarar laftof. Abu ɗaya da ke yawan tsayar da mutane: wajen fitar da katun ɗin daga VRoid za a tambaye ki irin fayil, ki zaɓi VRM0.0, domin VSeeFace ba ta karɓar sabon, wato VRM1.0. Katun ɗin tana juyawa ko'ina, ana iya ganin bayanta, in da kayan aiki har hannu da ƙafa suna motsi.

Matsalarta ita ce duk yadda kika gyara, 'yar Japan ce za ta fito. Kayan da ke ciki irin nasu ne, siket na makaranta da gashi har gadon baya. Zanen atamfa za ki iya ɗorawa a kan riga, wannan ba wuya. Hijabi kuwa, ko ɗaurin ɗankwali, sai an yi dabara ko an koma wata manhaja mai suna Blender, wadda koyonta karatu ne mai zaman kansa. Kuma VRoid mutum kaɗai take ƙerawa. Ke da za ki yi tatsuniya, ranar da kike son Gizo ko Ƙoƙi ko Kura su fito su yi magana da kansu, ba za ta yi miki ba.

A nan 2D ta yi fintinkau. Zane ne na hannu, duk abin da mai zane ya iya zanawa zai motsa: tsohuwa mai goro a baki, yarinya da mayafi da lalle a yatsu, Gizo da ƙafafunsa. Amma ba zane ɗaya ba ne kamar na bango. Mai zanen zai raba komai daban-daban: ƙwayar ido daban, farin ido daban, fatar ido, gira, leɓen sama, leɓen ƙasa, haƙora, harshe, har da ɓangaren wuya da mayafi ya rufe, don in kai ya juya kada a ga rami. Daga nan sai wani ya ɗauka ya shigar a manhajar Live2D Cubism, ya koya wa kowane yanki yadda zai motsa, abin da masu harkar ke kira rigin. Shi ne zai sa in kin ce "ga ta nan, ga ta nanku" baki ya buɗe daidai, in kin karkata kai bakin mayafi ya ɗan yi lilo kafin ya tsaya. Wannan lilon shi ke sa mai kallo ya ji kamar da rai. Kai ba ya juyawa sosai, kusan digiri 30 kowane ɓangare, amma mai ba da labari a zaune take, ba ta bukatar fiye da haka.

Kuɗin fa? A ƙasashen waje zane da rigin tare suna kaiwa ɗaruruwan dala, na ƙwararru dubbai. Masu zane a kwamfuta muna da su a Kano, yara masu hannu ƙwarai, sai dai ki tabbata wanda kika ba ya san rabe-raben nan kafin ki biya kafin alƙalami, in ba haka ba zai kawo miki hoto mai kyau wanda ba ya motsuwa. In kina da haƙuri ki koyi rigin da kanki: Cubism na da ta kyauta mai iyaka, da cikakkiya da ake gwadawa kwana 42. Manhajar da ke motsa katun ɗin lokacin da kike kai tsaye ita ce VTube Studio, kyauta ce, sai dai da ɗan tambari a jiki har sai kin biya sau ɗaya an cire.

Yanzu laftof ɗinki. 3D ta fi cin ƙarfin na'ura, ga OBS na aiki a gefe, ga kyamara. Tsohuwar laftof a zafin watan Afrilu na Kano, an ɗauke wuta, fanka a tsaye, za ki ji tana huci, katun ta fara tsalle-tsalle, baki ya biyo bayan magana. 2D ta fi sauƙi, kuma VTube Studio na barin waya ta ɗauki aikin karanta fuska ta aika wa kwamfuta, nauyi ya ragu. Wadda ta fi iya wannan ita ce iPhone mai Face ID, wato mai buɗewa da fuska, daga iPhone X ta 2017 zuwa sama. In za ki sayi ta hannu a Farm Centre ko Beirut Road, ki gwada Face ID a gaban mai shago, don da yawa an taɓa buɗe su, wannan ɓangaren ya mutu. Ko 2D ko 3D, kowacce kika ɗauka tana son haske a fuskarki. A duhu katun sai ta riƙa lumshe ido ɗaya kamar mai ciwon ido. Fitila mai caji a bayan kyamara ta isa.

Data kuwa babu bambanci, domin hoton da ya fita ake lissafawa. In kin sa saurin tura hoto na OBS a 3000 kbps, wanda ya isa hoto mai kyau, awa ɗaya na cin kusan giga 1.35. Ki lissafa da kwanakin da kike son yi a wata kafin ki yi wa kowa alkawarin kullum.

Abin da nake cewa ki fara da shi, na uku ne da ba ki tambaya ba. Hoto biyu kacal, ɗaya baki rufe, ɗaya baki buɗe, sai ƙaramar manhaja irin veadotube mini ta riƙa sauya su in ta ji murya. Babu kyamara sam, ba ya nauyi, mai zane zai yi miki da kuɗi kaɗan. Ki yi wata biyu ko uku da shi. In kin ga kina jin daɗi, mutane na dawowa, sai ki sa kuɗi a 2D, kuma a lokacin kin san irin fuskar da ta dace da muryarki. Kuɗin da kika rage ki sayi makirfo, ki nemi ɗakin da ƙarar janareton maƙwabta ba ya shiga. Mai sauraron tatsuniya zai yafe zane maras kyau, ba zai zauna yana jin murya na ƙara ba.

Kada ki ɗauka katun ta ɓoye ki gaba ɗaya. Murya taki ce, kuma Kano duk girmanta, ƙawar yayarki za ta gane ki a jimla biyu. VSeeFace ba ta nuna hoton kyamara ko kaɗan, da gangan aka yi ta haka. Inda asiri ke tonuwa shi ne OBS: a bar kyamara a kunne a wani shafi, ko a nuna allon kwamfuta gaba ɗaya sunan mutum na sama. Ki cire kyamara daga OBS kwata-kwata, kuma kada ki ambaci unguwarku. Batun hukuncin zanen abu mai rai kuma, tabbas wani zai tayar miki da shi, gara ki tambayi malamin da gidanku suka yarda da shi tun kafin ki kashe kuɗi.

Sai wurin yi. TikTok yawanci sai kin kai mabiya 1,000 take buɗe kai tsaye, kuma yi daga kwamfuta ba kowa take ba wa ba. YouTube ta OBS ba ta neman yawan mabiya, ki tabbatar da lambar waya, ki jira awa 24. Amma tunda tatsuniya ce, ki sani in aka sa wa shiri alamar na yara ne, YouTube na rufe wurin hira da sharhi. To in ba mai rubuto miki "ta zo mu ji ta", ribar kai tsaye ta ragu ƙwarai. Idan yara ƙanana kike nufi, ki naɗa ki gyara ki ɗora, data ma ta huta. Idan kuwa manya ne masu kewar tatsuniyar kakanninsu, a yi hira a yi gardama kan wayon Gizo, wannan kai tsaye ya dace da shi.